Kafin Ki Sake Ba Yusufa Maganin Barci

Yammedi, Karaye

Zuwa ga Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fatan takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki da Yusufa, gajiyar hanya kuma ta sake ku. Allah Ya sa kun shiga Gashuwa a sa'a, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, Ya tsare ku a inda idonmu ba ya kaiwa. Mu nan lafiya lau muke, sai kewa.

Kin san ban saba zama na yi doguwar magana da ke ba. Ke ce 'yar fari, ko sunanki na yanka bakina bai taɓa kamawa ba. Ranar da za ku tashi kuma gidan cike yake da 'yan sallama. Shi ya sa na haɗiye abin da ke raina, na ce bari in rubuta, in ba direban da zai biyo ku da ragowar kaya.

A ranar na ɗauki Yusufa zan tofa masa addu'a, sai na ji shi laƙwas a kafaɗata kamar jiƙaƙƙen tsumma. Yaron da ba ya yarda a riƙe shi ko na ɗan lokaci, ga shi kwance, ido a buɗe amma ba ya ganin kowa. Da na tambaye ki, kika ce wani mai kemis ne a Rogo Sabon Gari ya ba ki maganin mura na ruwa mai sa barci, don kada ya tayar wa fasinjoji hankali a mota. Kika ƙara da cewa a gida ma kina ba shi duk ranar da ya hana ki sakat. Kina faɗa kina kallon ƙasa. Ban yi miki faɗa ba, yanzu ma ba faɗa zan yi ba. Na san irin gajiyar da ke sa uwa ta miƙa hannu ga kwalba.

Yusufa ya haura shekara uku bai ce Umma ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa. Yana wuni yana jera marafan kwalba, idan aka taɓa ɗaya gidan ya hargitse. Kin gani, na gani, babu wadda ta furta a cikinmu, domin mun san wanda ya tuna mana. Ƙaninki Munzali. Kina ƙarama lokacin da muka sha fama da shi, abin da kika riƙe kaɗan ne. Bari in ba ki labarin yadda ya faru, da inda na yi daidai da inda na kauce.

Munzali jariri ne da kowa ke yaba wa. Mata su shigo su ce, "Malama, kin yi dace, ɗanki ba ya rigima." A ajiye shi kusa da randa, zai wuni yana kallon ruwan da ke ɗiga a gindinta. Da ya fara zama sai ya kama juya murfin kwano a ƙasa, ya juya, ya kalla, ya sake juyawa. Idan injin niƙan bayan gidanmu ya tashi sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin gado. Magana ba ta zo ba sai da ya kusa shekara huɗu, da ta zo kuma ba irin tamu ba ce. Ki ce masa, "Kana son ruwa?" sai ya ce, "Kana son ruwa?" da muryarki sak.

Ni malamar firamare ce, 'ya'yan mutane da yawa sun bi ta hannuna, na san wannan ba jinkiri ba ne kawai. Amma duk wanda ya tambaya sai in ce, "Zai yi, babansa ma ya yi nauyin baki." Idan baƙi sun zo sai in kai shi ɗaki in saki labule. Na yi ta jira abin ya wuce da kansa, shekaru suka tafi a jiran. Uwani, kada ki jira. Kada ki ɓoye Yusufa a ɗaki. Ɓoyon da na yi bai rufe bakin kowa ba, lokacin koyar da shi kawai ya cinye.

Yana wajen shekara shida, bayan an gama kaka, abin ya sauya. Ya fara buga kansa da bango, yana ihu, yana cizon hannunsa har jini. Babanku ya ce mu tafi Kano. A wancan lokacin Rogo ma tana ƙarƙashin Karaye, duk yankin nan ba wanda za a nuna wa irin wannan yaro. Muka shiga mota, aka kai mu wani babban asibiti, aka nuna mana ɓangaren masu taɓin hankali.

Layin ya kai har waje. Ga zafi, ga hayaniya, ga fanka tana ƙara a saman kai. Kafin a kira mu Munzali ya fita hayyacinsa, babanku na riƙe da shi da kyar. Haka likita ya gan shi. Mutum ne mai ladabi, amma da ganinsa ya gaji, bayanmu kuma mutane ne fal.

Ya ce, "Yana magana shi kaɗai?"

Babanku ya ce, "Yana yi."

"Yana dariya ba dalili? Yana jin ciwo a jikinsa da kansa?"

"Duk yana yi."

Ni ina tsaye a baya da mayafi, ban ce uffan ba. Ni ce na san cewa maganar da yake yi shi kaɗai maimaicin abin da ya ji ne a rediyo. Ni ce na san buga kan sabon abu ne, da can ba ya yi. Amma kunya ta hana ni yin magana a gaban babanku da baƙon namiji. Likita ya rubuta a kati cewa taɓin hankali ne, ya ba mu ƙwayoyi. Ban tambayi sunan maganin ba, ban tambayi abin da zai iya jawowa ba. Muka yi godiya muka fito.

Likita da abin da aka gaya masa yake aiki, da kuma ɗan abin da ya gani a lokacin da yaro ya fi firgita. Ke ce kike wuni da Yusufa. Idan kun je, ki buɗe baki. Ki faɗi yadda yake a gida in hankalinsa a kwance yake, ki faɗi abin da ya daɗe yana yi da abin da ya fara kwanan nan. In an rubuta magani ki ce, "Likita, mene ne sunansa, me ake so ya gyara, me zan gani in dawo da gudu?" Wannan ba rashin kunya ba ne. Mai gidanki mutum ne mai fahimta, ki gaya masa tun a gida cewa za ki yi magana.

'Yan kwanaki da fara maganin, da safe ina dama koko, sai na ji wani gurnani a bayana. Na juya. Munzali ne tsaye a bakin madafi, wuyansa ya murɗe baya ya sanƙare, idanunsa sun juye sama sai farin kawai, harshensa ya fito waje ya ƙi komawa. Bayansa ya lanƙwashe. Ba suma ya yi ba, yana ji yana sani, hawaye na zuba, ya damƙe zanina da hannu biyu. Yaron da bai taɓa neman in ɗauke shi ba.

Gwaggonku Asabe, yayar babanku, tana gidan a lokacin. Ta yar da tsintsiya ta kwarma ihu, "Sun taɓa shi! Wayyo, mutanen ɓoye sun taɓa shi!" Mata suka cika tsakar gida, wata ta kawo garwashi da turare ana banka masa hayaƙi yana shaƙewa. Ni kuwa na ruga ɗaki na daka wata ƙwayar na jiƙa a cokali, a tunanina ciwon ne ya tashi, ƙarin magani yake so. Na yi ta ƙoƙarin ɗura masa. Allah Ya taimake shi, muƙamuƙinsa ya ƙi buɗewa yadda zai haɗiya, duk ya zube a rigarsa.

Babanku ya samo a-kori-kura, muka nufi Yola ta nan Karaye, wajen wani dattijon malami da ya karantar da babanku yana yaro. Malam ya sa aka kwantar da Munzali a buzunsa, ya dafa kansa ya yi karatu a hankali. Da ya shafa sai ya dubi babanku.

Ya ce, "Me ya ci ko ya sha sabo a kwanakin nan?"

Muka gaya masa.

Ya ce, "Addu'a na yi, zan kuma ci gaba da yi. Amma ku ɗauki ƙwayar nan da yaron ku tafi asibiti yanzu, kada ku koma gida."

A asibitin da ya fi kusa, malamin asibiti ya karɓi takardar maganin ya duba, ya yi masa allura. Muna tsaye muna salati, wuyan ya fara saki, idanun suka sauko, harshen ya koma. Munzali ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kana son ruwa?" Na durƙusa a wajen na fashe da kuka. Malamin asibitin ya ce, "Maganin ne ya yi masa haka, ba ciwon ba. Yakan yi wa wasu, musamman yara. Ku koma wa wanda ya rubuta."

Ki riƙe wannan da kyau. Duk wani baƙon abu da ya bayyana a jikin yaro bayan an fara sabon magani, maganin za ki fara tuhuma. Kada ki ƙara masa. Ki ɗauki kwalbar ko takardar ki tafi da ita asibiti. Addu'a kuma a hanya ma ana yin ta.

Muka koma Kano, aka rage adadin, aka haɗa masa da wata 'yar ƙaramar ƙwaya don kada wuyan ya sake murɗewa. Sai gida ya yi tsit. Munzali ya daina ihu. Ya daina juya murfin kwano, har maimaita maganar ya daina. Inda aka ajiye shi nan za a same shi, yawu na dalala a ƙirjinsa, hannunsa na karkarwa, in ya tashi yana jan ƙafa kamar tsoho. Maƙwabta suna cewa, "Alhamdu lillahi, yaro ya samu sauƙi." Ni ma ina amsawa. Gaskiyar magana na ji daɗin shirun. Na sami barci, na koma makaranta da natsuwa. Ban tsaya na tambayi kaina ba, sauƙin nan nasa ne ko nawa.

Daga baya ƙafafunsa suka hana shi zama. Daga zaure zuwa madafi, daga madafi zuwa zaure, yana kuka ƙasa-ƙasa, ko abinci a tsaye yake ci. Muka je muka ce ciwo ya dawo, aka ƙara magani, abin ya ƙaru. Sai da aka daɗe na sami labarin cewa wannan kai-komon ma aikin ƙwayar ne.

Ana cikin haka, wata safiya na je naɗe shimfiɗarsa na tarar da mugunya a kan matashin kai, tana wari. Kunnensa na hagu ne ya fashe. Muka kai shi sha-ka-tafi, mai duba shi ya ce wannan kunne ya daɗe yana ciwo, ba na jiya ba ne. A hanyar dawowa babanku ya tsayar da kekensa a gindin wata ɗorawa, ya sauka ya jingine shi. Can ya ce, "Malama, tun farko da wane ɓari yake buga kansa?"

Na ce, "Hagu."

Ya ja kekensa, muka kama hanyar gida.

Yaron nan kunnensa ke ciwo. Ba shi da bakin da zai ce Umma kunnena, sai ya nuna mana da bango. Mu kuma muka kai shi wajen masu taɓin hankali. Uwani, duk ranar da Yusufa ya birkice fiye da yadda kika saba, kafin ki ce rigima ce, ki duba jikinsa. Kunne, haƙori, ciki, ko ya kwana biyu bai yi bayan gida ba, ko ƙaya ce a tafin ƙafa, ko wani ɗinki a riga ke sukarsa. Irin waɗannan yara da jiki suke kai ƙara.

Ranar da na gane haka zuciya ta ɗebe ni. Na kwashe ƙwayoyin duka na zuba a masai, ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauka na cece shi. Ashe jikin da ya yi wata da watanni yana shan abu ba a yanke masa shi rana ɗaya. Ya kama amai, barci ya ƙaurace masa, hannu da ƙafa suna fizga, bakinsa ya shiga motsi kamar mai tauna. Ya fi kowane lokaci wahala, kuma da hannuna. Don haka ko kin tabbata magani na cutar da yaro, in ya daɗe yana sha, kada ki yanke da kanki. Ki je a janye shi sannu a hankali. Wannan na ruwan da kike ba Yusufa ma, ki nuna wa likita, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina ba shi.

Hedimastanmu ne ya ga yadda na rame, ya haɗa mu da wata likitar yara a Kano. Ita ba ta zauna a bayan tebur ba. Ta sa aka kashe fanka, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna a ƙasa nesa da Munzali kaɗan, ba ta taɓa shi ba. Ta tambaye ni abin da yake so, na ce murfin kwano. Ta aika aka samo, ta tura masa. Tana kallonsa tana yi mini tambayoyi tun daga goyon ciki. A wannan karon na yi magana har bakina ya bushe.

Da na gama ta ce, "Malama, ɗanki ba mahaukaci ba ne."

Na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa, tana ɗaukar duniya ta wata hanya daban. Ƙarar da ke wuce ki, shi sukarsa take yi. Magana da mu'amala da mutane, da sauran yara ke tsinta a hanya, shi sai an koya masa ɗaya bayan ɗaya. Da Turanci otizim ake ce masa. Wasu a nan suna cewa galahanga, ni dai ba na son kalmar. Ba wani abu kika ci ba, ba wani abu kika yi ba."

Babanku ya ce, "To likita, wancan da ya fara duba shi fa?"

Ta ce, "Kada ku riƙe shi a rai. Abin bai sanu sosai ba ko a cikinmu, kuma in aka ga yaro a firgice yana kama da wancan ciwon."

Na ce, "Zai warke?"

Ta ce, "Zai girma, zai koyi abubuwa da yawa. Warkewa irin wadda kike nufi, ba zan yi miki alkawarinta ba. Babu ƙwayar da ke cire wannan. Akwai lokacin da magani ke taimakawa da wani abu guda, in ya zama dole, kaɗan, ana lura. Amma babban maganinsa ku ne."

Ta mayar da shi kan ɗan ƙaramin adadi na maganin, ta yi ta ragewa har ya rabu da shi. Yawun ya tsaya, karkarwar ta tafi, ya koma juya murfinsa, ranar har sadaka na yi. Abu ɗaya ne bai tafi ba. Wannan motsin baki da kika taso kina ganin yana yi, wanda yaran unguwa ke tsokanarsa da shi suna cewa akuya mai tuƙa, kina korarsu da dutse, ba da shi aka haife shi ba. Tabon maganin ne. Likita ta ce wani yakan tafi, wani yakan zauna. Nasa ya zauna.

Sauran kin gani da idonki. Komai a kan tsari ɗaya kullum, gajeriyar magana, a gaya masa abu kafin ya faru. Alwala sai da muka yi damina biyu muna koyonta. Yau ga shi saurayi, yana sallarsa, yana bin babanku lambu, ban ruwan albasa duk a hannunsa yake, ba ya tsallake ko layi ɗaya.

Kada ki karanta wannan ki ce Umma ta ce a guji asibiti. Da Munzali ya fara balaga farfaɗiya ta same shi, ta gaske, kin tuna ranar da ya faɗi a bakin rijiya. Likitar nan ta ce hakan na faruwa ga wasu masu irin halinsa. Ta ba shi magani, na tambayi duk abin da ya kamata, ta ce in na ga ƙuraje ko zazzaɓi ko barcin da ya wuce kima in dawo nan take. Maganin ya karɓe shi, shi ke riƙe da shi har yau, kuma ba na wasa da lokacinsa. Magani rahama ne in an san abin da ake yi wa shi. Wanda nake tsoro shi ne wanda ake bai wa yaro don manya su huta.

Ni ba likita ba ce, kuma ban ce lallai abin Munzali ne ke damun Yusufa ba. Wataƙila kunnensa ne ba ya ji sosai, a fara auna wannan. Ku nemi likitan yara, ko da sai kun yi doguwar tafiya, ku je ku biyu. A baƙon gari kowa zai kawo miki nasa, wannan ta ce jiƙo, wancan ya ce hayaƙi, wani ya ce ga wata ƙwaya da ta yi wa ɗan wane aiki. Ki yi godiya, ki ajiye. Ranar da gajiya ta kai miki wuya kuma, ki miƙa shi ga babansa ki fita tsakar gida ki sha iska, ko ki yi kukanki. In abin ya fi ƙarfinku ki aiko, hutun makaranta na zuwa, zan hau mota.

Babanku yana gaishe ku, ya ce a gaida surukinsa da kyau. Gwaggo Asabe ma ta aiko da gaisuwa da ƙullin kuka da daddawa, suna cikin kayan.

Da zan rufe takardar nan na kira Munzali, ya dawo daga lambu ke nan ƙafarsa duk laka. Na ce masa, "Ina rubuta wa Yaya Uwani. Me zan ce mata?" Na ɗauka zai maimaita abin da na faɗa ne kamar kullum. Ya tsaya yana kallon bango, ya daɗe, har na ɗauki ambulan. Sai ya ce, "Yusufa." Na ce, "Ina ji, Yusufa me?" Ya ce, "Ta bar shi ya gama."

Na tambaye shi ya gama me, sai ya tafi wanke ƙafa. Ni dai marafan kwalbar da Yusufa ke jerawa ne suka faɗo mini a rai. Na rubuta miki yadda ya faɗa.

Allah Ya tsare ku da tsarewarSa, dare da rana, a gida da a hanya. Allah Ya buɗe bakin Yusufa da alheri, Ya haɗa shi da masu tausayinsa, Ya ba ki juriyar da ta fi tawa. Allah Ya yi miki albarka, Ya sada mu da alheri. Amin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Rabi